Goron Ciniki Dabam, Ragon Suna Dabam

Ya 'yan'uwa malamai da attajirai na Ikara da Makarfi da Kudan, ga wata mas'ala da aka kawo mini zaure. Wani tsohon almajirina, mai fataucin rake da mazarƙwaila, ya yi wa cinikinsa rajistar kamfani. Ya ce mini, "Allah gafarta Malam, raguna biyu na yanka ran sunan ɗana, abokan cinikina kuwa suka fi kowa ci. An ce in na rubuta kuɗin a littafin kamfani, haraji zai ragu." Na ce masa kul.

Ga hujjata. Harajin kamfani bisa riba ake ɗora shi, watau abin da ya saura bayan an fid da kuɗin da aka ɓatar wajen nemanta. Ƙa'idar dokar Nijeriya kuwa, ba a fid da kome sai abin da aka kashe domin cinikin kaɗai. Baƙon da ya taso daga Legas sayen kaya, ka sauke shi, ka ba shi tuwo da goro har aka sallama, wannan kana da hujjar tsayawa a kansa. Amma ragon suna, ko da ciniki ko babu, sai an yanka shi.

Na biyu, ku yi lissafi. Kamfanin da ke biyan 30 cikin 100, in ya fid da naira 100,000 na liyafa, naira 30,000 kaɗai suka ragu daga harajinsa. Ƙaramin kamfani fa? Dokar kuɗi ta 2019 ta yafe harajin riba ga wanda cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba, dokar 2025 kuma, wadda ta soma aiki ran 1 ga Janairu 2026, ta ƙara ɗaga iyakar. Wanda aka yafe masa, ko ya rubuta raguna goma, kwabo ba zai ragu ba. Ya ɓata littafinsa a banza, ga shi wajibi ne ya miƙa lissafi kowace shekara, ran da ciniki ya haɓaka kuwa littafin nan za a buɗa.

Na uku, a doka dukiyar kamfani ba aljihun maigida ba ce. In akwai mai tarayya da kai, ka ciyar da danginka da rabonsa, sunan wannan cin amana. Kuma wanda ya karrama baƙo don Allah, ina shi ina neman canji wurin gwamnati?

Ma'aikatan haraji su ma ina da roƙo gare su. A Ingila an hana fid da kuɗin liyafar abokan ciniki, amma kasuwarmu ba ta tafiya sai da masauki da goro, mai fura kuwa ba ta ba da rasidi. Su karɓi littafin da aka tsare da gaskiya.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, rubuta rana, da sunan baƙo, da cinikin da ya kawo shi, da abin da ka kashe. Ayar bashi ta Suratul Baƙara ta rigaya ta koya mana rubuta ma'amala. Abin gida kuwa da na sadaka, ka biya daga aljihunka.

Allah ya sa albarka a nema. Wassalamu.