Masallaci Ma Ai Na Allah Ne

Akwai wata magana da samarinmu na Zango suka riƙe, ni kuwa ta ishe ni: "Ruwa ai na Allah ne." Duk sa'ad da ka ji ta a bakin kogin Zio, wajen gadar Togblekope, to wani ne ya yi rashin kunya yana neman mafaka. Mutum ya zo tun asuba, ya soka tana a ƙugiya, ya yi shiru yana fatsa har ƙarfasa ta fara taɓa zare. Da hantsi sai ga wani ya jingine zemijan, ko sallama babu, ya watsa birgi daidai kan zaren mutane. Kifi ya watse, zare ya sarƙe. Ka yi magana, ya kawo maka sunan Allah.

To masallaci ma na Allah ne. Wa ya taɓa tayar da wanda ya riga shi sahun gaba?

Sukan buga misali da Argungu, wai can dubban mutane ke faɗawa ruwa lokaci guda. Hoton suka gani a waya. Matan Fada ruwa ne mai doka: an hana su a cikinsa sai ranar biki, Sarkin Ruwa na tsare da shi, ba mai tsoma ƙafa sai an ba da alama, kuma da homa da gora ake shiga. Bikin nan tun 1934 yake, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Da kowa na shiga ranar da ya ga dama, wane giwan ruwa zai rage a kama?

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Ka yi sallama, ka tambayi inda zaren mutum ya kai, ka ba shi tazara. Mai birgi ya gangara ƙasa. A kashe waƙar waya, don Allah. Masu zuba gamalin kuwa ba na sa su cikin zancen ladabi, ɓarayi ne, suna kashe kifin shekara su sayar wa matanmu guba.

Mu kuma tuna inda muke. A 1977 aka rushe tsohon Zango na tsakiyar Lome, aka kwaso iyayenmu nan arewacin gari. Gonakin da muke ratsawa mu kai bakin ruwa na Ewe ne. Yaro ɗaya ya tattake shuka ko ya zagi dattijo a kan wurin fatsa, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Hausawan Zango. Ina roƙon masu unguwa da limamai su zaɓi dattijo guda cikin masunta, wanda za a riƙa kai wa ƙara tun rigima ba ta kai wajen jandarma ba.