Wasiƙar Hukuma Ba Kan Sarki, Yanzu Kuma Ba Rajista

Tun kafin a san gidan waya a ƙasar Daura, wasiƙar Sarki ba ta biyan kuɗin hanya. Manzo ke saka ta a gafaka, da hatimi a samanta, ya kai wa hakimi ko dagaci, garin da ya sauka kuma ya ba shi tuwo, ya ba dokinsa harawa. Talaka ke ɗaukar nauyin, amma ya ga manzon da idonsa, ya kuma san hatimin.

Turawa ma suna da irin wannan gata. Tun 1660 'yan majalisar Ingila ke aika wasiƙu kyauta, sa hannu a bayan ambulan ya wadatar. Abin ya lalace har suna raba wa dangi da 'yan kasuwa ambulan masu sa hannunsu, sai aka soke gatan a 1840, shekarar da kan sarki na farko ya fito. Amurka ta soke nata a 1873, daga baya ta dawo da shi. A nan Arewa, a zamanin mulkin Turawa, ambulan hukuma mai haruffan O.H.M.S. na kai-komo tsakanin Di'o da Razdan ba a manna masa kan sarki ba. Sai dai kowace takarda na da lamba. Akawu ya shigar da ita rajista, masinja ya kai, mai karɓa ya sa hannu a littafi. Albarkacin wannan ɗawainiya ne mai bincike ke iya zuwa gidan adana takardun tarihi na Kaduna ya karanta abin da hukuma ta rubuta shekaru 100 da suka wuce.

Yau saƙon hukuma ya sake zama kyauta, amma ta WhatsApp, kuma a nan damuwata take. Hoton takarda zai faɗo wayar wani dagaci a Ɓaure ko Mai'aduwa, da tambari da sa hannu, ba shi da hanyar tantance ko daga sakatariya ta fito ko daga shagon kwamfuta. Ta haka ake damfarar matasa da takardun ɗaukar aiki na bogi bayan iyayensu sun sayar da bisashe. Takardar gaskiyar ma ba ta tsira ba. In aka yi wa jami'i canjin wurin aiki, ko wayarsa ta ɓace, umarnin da ya bayar kan iyakar gona ko rabon taki ya tafi ke nan. Ranar da rigima ta kai gaban alƙali, za a nemi fayil a rasa.