Zuwa bincike Birtaniya: bizar malami ce ke tantance ko iyalinsa za su yi aiki

Tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyalansu, amma ƙofa na buɗe ga malaman jami'a masu zuwa bincike.

Da bizar ziyara, mata ko mijin malamin na iya rakiya har watanni 12, sai dai babu izinin aiki. Da bizar musaya da gwamnati ta amince da ita, zaman kan kai watanni 24 kuma mai rakiya na iya aiki, amma zai biya fam 1,035 kuɗin lafiya kowace shekara.

Saboda haka, kafin malami ya amsa gayyata, ya tambayi jami'ar wace biza za ta tsaya masa. Amsar ce za ta nuna ko albashi ɗaya gidan zai dogara da shi, ko biyu.