Tsohon gida ba asara ba ne

Duk ma'aikacin da ya tara ɗan abin hannu a Kano ko Kaduna, shawara ɗaya zai ji daga bakin kowa: nemi fili a bayan gari, ka zagaye shi, ka riƙa ɗora bulo a hankali. Tsohon gida, in ji su, rijiya ce gaba dubu. Yau rufi ya yi yoyo, gobe katanga ta tsage. Ciyo bashi kuwa don a saya a gyara, wannan ganganci suke kiransa. Na daɗe ina jin wannan magana, kuma na tabbata asarar da ta jawo mana ta fi wadda ta kare mu daga gare ta.

Zaga unguwannin gefen birni ka ƙirga gine-ginen da suka tsaya a linta, ciyawa ta fito a ɗakunansu. Mai ginin yana biyan haya a cikin gari, yana kuma zuba albashinsa a bangon da damina ke ci kowace shekara. Buhun simintin da ake saye ƙasa da naira dubu uku a 2019 ya haura dubu goma a wurare da yawa a farkon 2024. Shi yana gini a hankali, farashi kuwa gudu yake yi. In ma Allah ya sa ya tare, sai ya tarar ba titi, ba famfo, makarantar yara da wurin aiki sun yi nisa, ga kuɗin mota tun bayan janye tallafin mai a 2023.

A cikin birni kuma gidajen gado suna nan, magada sun watse, azara ta ruɓe, ana jiran ruwan Agusta ya kayar da su. Waɗannan gidaje suna bakin kasuwa, kusa da masallaci da asibiti da dangi. Abin da suka rasa mai saye ne da ke da kuɗin gyara a hannu ranar da ya karɓi makulli.

A Amurka akwai tsarin da ake kira 203(k), wanda hukumar gidaje ta tarayya, FHA, ke tsaya masa. Bashi ɗaya ake ba mutum, ya haɗa kuɗin sayen gidan da na gyaransa, kuma ana duba darajar da gidan zai kai bayan an gama aiki. Kuɗin gyaran ba ya shiga aljihun mai gida. Ana ajiye shi a asusu na daban, a riƙa sakar wa ɗan kwangila kashi-kashi bayan an duba abin da ya yi. Wanda ya riga ya mallaki gidansa ma yana iya sabunta bashinsa ya shigar da gyaran ciki. Wannan ya amsa tsoron da iyayenmu ke yi, domin kuɗin da aka tsare haka ba zai zurare zuwa biki ko cefane ba.

Mu fa? Tun 1992 dokar Asusun Gidaje na Ƙasa ke yanke kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikata, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yana riƙe da kuɗin. Bankin yana da rancen gyaran gida, amma a ware yake da na saye, kuma ya shafe shekaru iyakarsa naira miliyan ɗaya. A farashin 2024 wannan buhun siminti ɗari ke nan, ba kwano, ba rodi, ba ladan magini.

Za a ce riba fa? Tambaya ce mai nauyi, ni ma ba na wasa da ita. Amma tun 2012 bankin Jaiz ke aiki a ƙasar nan ba tare da kuɗin ruwa ba, wasu sun biyo bayansa, kuma malaman fiƙihu sun san musharakar da banki da mutum ke haɗa hannu su sayi gida, mutumin ya riƙa sayen kason bankin sannu-sannu yana biyan hayar abin da ya rage. Babu abin da ya hana kuɗin gyara shiga wannan tarayya tun ranar farko.

Babban tarnaƙin yana wajen takardu. Yawancin gidajen cikin birni ba su da takardar shaidar mallaka, kuma Dokar Filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake jinginar da gida a birane. Wannan aikin gwamnonin arewa ne: su sauƙaƙa wa magada yin takarda, su rage kuɗinta, su yanke mata wa'adi. Bankin tarayya kuma ya haɗe rancen saye da na gyara wuri ɗaya, tunda kuɗin da yake juyawa daga albashin malaman makaranta da ma'aikatan jinya aka cire shi.