Na'ura Da Tsohuwar Takarda

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni filin nan da ka saba ba ni, in gaya wa 'yan'uwana akawuna abin da ya same mu a Kasuwar Ƙofar Wambai.

Maigidana yana sayar da kayan roba da takalma a sari. Ɗansa ya kafa mana na'urar nan mai amsa tambayar masu ciniki ta WhatsApp, irin waɗanda suka yawaita tun fitowar ChatGPT a 2022. Ita ba ta san kome game da rumfarmu ba, sai abin da aka zuba mata a rumbun intanet, wanda Turawa ke kira gajimare, ko da yake ba a sama yake ba, manyan ɗakuna ne cike da kwamfutoci. Takan yanyanka takardun nan ƙanana ƙanana, in an yi tambaya ta zaɓo guntun da ya fi kama da ita, ta shirya amsa da shi.

To, ni aka ce in tattara takardun, na kuwa kwashe duka na zuba, tsoho da sabo. Kowa ya san abin da muka gani a watan Mayu 2023, da aka janye tallafin mai, watan Yuni kuma aka saki Naira, har dala ta haura Naira 1,500 a 2024. Wani baƙo daga Maraɗi ya tambayi kuɗin bokiti, na'ura ta ɗauko takardar 2022 ta faɗa masa ba ko shakka. Ya biya kuɗin mota ya zo da amsar a wayarsa. Maigida ya ce maganar rumfarsa maganarsa ce, ya sayar masa da hasara, sa'an nan ya dube ni. Ban manta da kallon nan ba.

Laifin nawa ne. Ko ɗalibi in ya kawo mas'ala, malaminsa yakan ce, a wane littafi ka gani? Ni ban rubuta kwanan wata a kan ko ɗaya ba. Da na sake bincike kuma sai na tarar har littafin bashi na zuba, da sunayen mutane da lambobin wayarsu, abin da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba ta ɗauka da wasa ba. Na cire shi a daren.

Yanzu takardar farashi guda ɗaya tak ke ciki, da kwanan wata a kanta, ni kaɗai ke canja ta. In na canja, sai na sa na'ura ta sake karantawa, don in ba haka ba tsohon guntun yana nan. Kowace Asabar kuma nakan yi mata tambaya goma kamar baƙo, in gwada da littafina. Makon jiya ta faɗi ɗaya, a kan takalman yara.

Naka,
Akawu,
Ƙofar Wambai, Kano.