Littafin da Uwa Ta Ƙwace

Wata 'yar'uwa daga zumuntar mata ta aiko mana da wasiƙa. Ta ce ta sami 'yarta mai shekara 16 tana karanta littafin soyayya a ɓoye, sai ta ƙwace shi da nufin sa masa wuta. Amma kafin ta ƙone shi ta buɗe don ta ga abin da ke ciki, ba ta ajiye ba sai da zakara ya yi cara. Yanzu zuciyarta ta rabu biyu. Labarin ya sa ta hawaye, ya kuma ba ta tsoro. Tana tambaya, ta mayar wa yarinya ko ta ƙone?

Littafin shi ne In Da So Da Ƙauna, na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a Kano a 1991, aka kuma mai da shi fim a 1994. Ga waɗanda ba su san shi ba, labarin Sumayya ne, 'yar masu arziki, wadda ta kamu da son Muhammad, saurayi mai ladabi amma talaka. A gida an nace sai ta auri Abdulƙadir mai kuɗi. Da ta ga ba mafita, sai ta faɗa rijiya. Ba ta mutu ba, daga baya kuwa ta auri wanda take so.

Uwargida, hawayenki ba laifi ba ne. Ko da yake mutanen cikin labarin maƙwabtanmu ne Musulmi, ciwon da ake magana a kai yana gidajenmu. Mun koyar da yara shekaru da yawa, mun kuwa ga 'yan mata masu ƙwazo sun ɓace daga aji bayan hutun kaka, in mun bi sawu sai a ce an karɓi kuɗin aurensu. Mun ga saurayi mai tsoron Allah, ɗan mawaƙan Ikilisiya, an kore shi don ba shi da babur, an ba wanda ya zo da mota ba a ko tambayi halinsa ba. A gaban fasto ana tambayar amarya ko ta yarda, ta ce i. Amma wa ya san abin da aka faɗa mata a ɗaki daren jiya? Laban ma ya yi wa Yakubu da 'ya'yansa biyu irin wannan ciniki, Lai'atu kuwa ta yi zamanta tana neman ƙaunar miji ta wurin haihuwa. Littafin da ya tone wannan ya yi aikin da mu dattawa muka yi nauyin baki a kansa.

Ba shi kaɗai ba ne. Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Mata da yawa sun ƙware da karatun boko ta wurin irin waɗannan littattafai, ba ta wurin allon malami ba. Mu malamai wannan ba ya mana daɗin ji, amma haka yake.

To, tsoronki fa? Shi ma yana da tushe, rijiyar nan ce. Tun fitowar littafin mutane suka yi ta suka a kanta. A labari, mai rubutu ne ke riƙe da igiya, in ya ga dama ya ciro yarinya da rai, iyaye su yi nadama, a sha biki. Rijiyar ƙauye ba ta san da wannan ba. Yarinya mai shekara 16, wadda zuciya ta cika, tana iya ɗauka cewa haka ake tanƙwara iyaye. Akwai kuma wani abu da bai kai wannan tsanani ba: waɗansu daga cikin littattafan nan suna ƙarewa ranar biki. Ba sa nuna shekara ta bakwai, sa'ad da yaro ke zazzaɓi, hatsi ya ƙare, miji ya dawo a gajiye ba ya son magana. Wadda ta koyi aure daga nan za ta ga kamar an cuce ta.

Game da ƙonewa, an riga an gwada. A 2007 hukuma ta ƙone irin waɗannan littattafai a bainar jama'a a Kano. Ba su ƙare ba. Yau suna cikin waya, ana tura su ta WhatsApp, ana karanta su a rediyo, waɗansu kuwa na yanzu sun fi wannan rashin kunya nesa ba kusa ba. In kin ƙone na takarda, wanda kike iya gani, za ta koma ga wanda ba ki gani.

Shawararmu ita ce ki mayar mata da hannunki, ki gaya mata kin karanta, har kin yi kuka. Za ta yi mamaki. Sa'an nan ki tambaye ta, in ita ce Sumayya, wurin wa za ta je kafin ta nufi rijiya? Ki yi shiru ki saurara. In ta ambaci goggonta, ko matar fasto, ko malamarta, to madalla. In ta rasa sunan kowa, akwai aiki a gabanki wanda ya fi zancen littafi.

Maigida kuma, kada ya ce wannan maganar mata ce. Ya kira 'yarsa wani dare bayan addu'ar iyali, ya faɗa mata da bakinsa, uwarta tana ji, cewa ba zai karɓi ko sisin kowa a kanta ba sai ta gama makaranta, sai kuma ita kanta ta ce tana so.