A ba jami'in tsaro safar hannu, a kuma koya masa lokacin cire ta

Duk wanda ya saba bin gudurun da ya taso daga Gidan Rumji ya ratsa Maraɗi, ya bi ta Caduwa da Agye har Gazawa kafin ya nufi Tasawa da Damagaram, ya san irin rayukan da hanyar nan ke ci. Ga manyan motocin fasinja masu sammako da gudu, ga motocin kaya da aka yi wa lodi har ya fi ƙarfinsu, ga ƴan kabu-kabu da goyo biyu ko uku, ga amalanken shanu da ke dawowa daga gona bayan magariba ba fitila. Ranar da tsautsayi ya faɗa, mai kakin da ke fara isa wurin zandarma ne idan a daji abin ya faru, ɗan sanda ne idan cikin gari ne. Motar asibiti takan zo daga baya. Kafin ta zo, hannun mai kakin nan ne zai jawo mutum daga cikin ƙarfen da ya lanƙwashe, shi zai danne inda jini ke zuba, shi zai rufe wanda kwanansa ya ƙare.

Na yi shekaru ina aikin jinya a ƙananan asibitocin karkara na wannan yanki, inda kowa ke kiran mu majo. Na sha karɓar masu rauni daga hannun jami'an tsaro, jini ya ɓata su har gwiwar hannu, su ajiye mutum a kan gado sannan su tambaye ni buta da sabulu. Wani saurayi daga cikinsu, gilashin mota ya tsaga masa babban yatsa, jininsa da na wanda ya ɗauko sun gauraya, amma ko a jikinsa. Tambayarsa kawai ita ce ko mutumin zai rayu. Saboda irin waɗannan samari nake goyon bayan a sa safar hannu cikin kayan aikin kowane ɗan sanda da zandarma da gardi. Na kuma san akwai masu ƙin haka, kuma ƙinsu yana da tushe.

Mu fara da jini. Idan aka ce cutar jini, hankalin mutane kan sida yake tafiya. Amma a ƙasarmu masu ɗauke da sida ba su kai mutum 1 cikin 100 ba, kuma ko allurar da aka yi wa mai ita ce ta soki mutum, kimanin 3 cikin 1,000 ne ke kamuwa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ciwon hanta nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 60 ne ke ɗauke da shi a Afirka, mafi yawansu ba su ma sani ba, kuma Nijar na cikin ƙasashen da ya yi wa katutu. Sukar allura ɗaya na iya sa wa wanda ba a yi wa rigakafi ba wannan ciwo har kashi 30 cikin 100. Ƙwayarsa takan yi kwana 7 da rai a cikin busasshen jini, a kan kujerar mota ko a jikin ankwa. Sai a shekarar 2008 aka sa rigakafinsa cikin alluran jarirai a ƙasar nan, ke nan kusan duk mai kakin da ke bakin aiki yau an haife shi kafin lokacin. Ciwon yakan yi shiru shekara da shekaru, sai mutum ya manyanta ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, a ce sammu ne. Matarsa ma ba ta tsira ba, haka ɗan da za ta haifa.

Sai bincike. Mai neman ƙwayar tiramadol ko makami yana cusa hannu a aljihun da bai san abin da ke ciki ba: reza, ƴar wuƙa, allura, fasasshen kwalba. Siririyar safar roba irin tamu ta asibiti tana tare jini da majina, amma ba ta tare tsini. Wannan aikin yana buƙatar safa mai kauri wadda kaifi ba ya saurin ratsawa, tare da ɗabi'ar tambaya kafin taɓawa: «Ɗan'uwa, akwai abu mai kaifi a aljihunka? Fito da shi da kanka.» Tambayar nan kaɗai ta isa ta raba yatsu da yawa da ɗinki.

Haka batun gawa. Wanda ya rasu a haɗari ba ya haddasa annoba, jininsa ne kawai abin kiyayewa. Gawar mai amai da gudawa kuwa tana yaɗa cuta, ita da tufafinta da tabarmar da ta kwanta a kai. Ba mu manta da damanar 2018 ba, lokacin da cutar ta ɓulla a gundumar Madarunfa a watan Yuli, ta bazu har Maraɗi da Gidan Rumji da wasu gundumomi, ta kwantar da sama da mutum 3,000 a faɗin ƙasa. A 2021 ta dawo ta kama sama da 5,000. A irin wannan lokaci, idan aka tsinci baƙo kwance a tasha ko a rumfar kasuwa, jami'in tsaro ake kira. Akwai kuma wata fa'ida da ba ta shafi cuta ba. Inda aka yi fashi ko aka ɗauke mutum, kwanson harsashi da wuƙa da mariƙin ƙofa suna ɗauke da zanen yatsun mai laifi. Hannu tsirara yana goge wannan shaida, ya bar tasa. Safa a nan tana taimaka wa alƙali, tana kuma kuɓutar da wanda aka yi wa ƙazafi.

To me ya sa wasu ke ƙin ta? Na ji dattawa na cewa mu mutanen musafaha ne. A Tsibirin Gobir ko a Gangara, ba a shiga zancen komai sai an haɗa hannu an tambayi gida da gajiya da ruwa. Mutumin da ya rufe hannunsa kafin ya taɓa ka, ko bai buɗe baki ba ya gaya maka cewa ƙyamarka yake yi. Wannan magana gaskiya ce, kuma mun san zafinta. Tun shekarun 1950 asibitin Danja ke karɓar masu ciwon kuturta, kuma duk wanda ya zauna da su zai gaya maka cewa gudun da dangi suka yi musu ya fi ciwon cin rai. Talakan da ke tsaye gaban mai kaki, gabansa na faɗuwa tun kafin a ce masa komai, idan ya ga an zaro safa domin shi kaɗai, zai koma gida da tabon da ba ya gogewa.

Wasu ƙasashe sun riga mu faɗawa wannan rami. Ranar 1 ga Yuni 1987, a gaban fadar shugaban Amurka a Washington, ƴan sanda suka sa dogayen safofin roba masu ruwan ɗorawa domin kama mutum 64 da ke zanga-zangar neman a kula da masu sida. Babu jini a wurin, babu rauni, kuma tun lokacin likitoci sun san cutar ba ta bin gaisuwa ko taɓa jiki. Hoton ya zagaya duniya a matsayin wulaƙanci. A 1995 masu gadin wannan fada suka maimaita, suka tarbi wasu zaɓaɓɓun wakilai da aka gayyato taro da safar roba bisa zato kawai cewa suna ɗauke da sida, har sai da shugaba Bill Clinton ya rubuta takardar ban haƙuri. Amma a shekarar 1987 ɗin nan ce hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta fitar da ƙa'idar da muke aiki da ita a asibiti har yau: a ɗauki jinin kowa a matsayin mai iya ɗauke da cuta, ba tare da duban fuskarsa ko matsayinsa ba. Wannan ƙa'ida ita ce maganin ƙyamar da dattawanmu ke tsoro.

Mu ma mun yi namu karatun a zamanin korona. Bayan an sanar da mutum na farko da ya kamu a Nijar ranar 19 ga Maris 2020, safar roba ta cika shingaye da ƙofofin ma'aikatu. Na ga mai kaki ya sa guda tun hantsi, ya karɓi katin shaidar fasinjojin mota bayan mota, ya amsa waya, ya share gumi, ya ƙirga canji wajen mai shayi, duk da ita. Safa irin wannan ta fi hannu tsirara haɗari, domin hannu ana wanke shi, ita kuwa tana kwasar dattin wannan ta kai wa wancan, mai ita yana ganin ya tsira. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, roba ta jiƙe da gumi, wadda aka bari a gaban mota rana ta gasa ta ta riƙa yagewa tun wajen sawa. Kuma sanƙarau da mashaƙo ta numfashi suke bi, safa ba ta da abin da za ta yi musu.

Saboda haka abin da nake kira a yi shi ne a bar aiki ya yanke hukunci. Akwai jini, ko amai, ko gawa, ko kayan shaida, ko za a cusa hannu a aljihu ko a jaka? A sa safa, ko wane ne. Alhajin da ke cikin mota mai sanyi da makiyayin da ya fito daga daji da sandarsa, ƙa'ida ɗaya. Za a duba takardun mota ne, ko a saurari ƙara, ko a nuna hanya, ko a gaisa? A bar hannu yadda Allah ya yi shi. An gama da mutum ɗaya, a cire, a jefa inda ya dace, a wanke hannu da sabulu, a ɗauki sabuwa domin na gaba. Idan jama'a suka ga ana sa wa kowa ita a irin aiki ɗaya, za su saba da ita kamar yadda suka saba da ta ungozoma a ɗakin haihuwa, wadda ba a taɓa jin mai naƙuda ta ce raini ce ba.

Wannan ya fi muhimmanci a gundumar Gidan Rumji. Tun 2019 dubban ƴan'uwanmu daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako suna gudun ƴan bindiga, aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Mutumin da masu bindiga suka kora daga gidansa yana karanta kowane motsi na mai ɗauke da bindiga. Jami'an da ke sintiri a bakin iyaka kuwa ba su da abin da ya fi labarin da ɗan ƙauye zai kawo musu da yardar ransa. Wanda ya ji an yi ƙyamarsa a shinge ba zai dawo da dare ya ce ya ga baƙin babura a bakin fadama ba.

Shi ya sa baki ya kamata ya riga hannu. «Baba, ku yi haƙuri, zan sa safa in duba raunin nan, don kada dattin hannuna ya shiga ciki.» «Inna, ga ƴar'uwata jami'a, ita za ta duba kayanku.» Maganar ba ta cin minti ɗaya, kuma gaskiya ce, domin safa tana kare mai rauni kamar yadda take kare mai taimako. Idan za a shiga zauren mai gari ko a gaida liman, a cire ta tun daga waje. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Akwai safar da ban yarda da ita ba. A wasu ƙasashe ana sayar da baƙar safa mai ƙarfe ko garin dalma a bayan yatsu, an yi ta ne domin naushi ya yi ɓarna. Kada a bar ta ta shigo cikin kayan aikin masu kula da kasuwa da tasha. Farar safar mai ba da hannu a mararraba, ko ta masu fareti irin na bikin 18 ga Disamba da Maraɗi ta karɓa a 2015, ba wanda ya taɓa kuka da ita, domin kowa ya san amfaninta. Jama'a ba su ƙi a rufe hannu ba, so suke su san dalili. Kuma in za a faɗi gaskiya, abin da ke zubar da ƙimar kaki a idon direba da ɗan kabu-kabu shi ne hannun da ake miƙowa ta tagar mota a karɓi na goro, da wanda ke saurin kai mari. Mai kakin da ya durƙusa a gefen kwalta da safa yana tsayar wa wani jini, babu mai wucewa da zai raina shi. Wanda ya tsaya daga nesa hannu a baya saboda tsoron jini, ba shi da abin kariya, shi ne za a kwana ana zancensa a gari.

Ga gwamnan jihar Maraɗi da shugabannin gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji, da manyan jami'an da ke shugabantar waɗannan samari, buƙatar ba ta da tsada. Kwali mai safa 100 a kowace motar sintiri da kowane shinge, a ajiye shi a inuwa. Kuɗinsa bai kai na man sintirin yini guda ba. Safa mai kauri ga masu bincike. Buta da sabulu da ruwan jabel, da bokiti mai murfi na zuba waɗanda aka yi aiki da su, a kai asibiti a ƙone, kada yara su tsince su a bola su riƙa hurawa. A gwada jinin kowane jami'i, wanda bai da ciwon hanta a yi masa allurar rigakafi sau 3. A sanar da su cewa wanda allura ta soka ko jini ya shiga rauninsa ya wanke nan take, ya garzaya asibiti, domin maganin da ke tare sida yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72. Asibitocin gundumomi suna da ma'aikatan da za su koyar da wannan a zama ɗaya, gidajen rediyon karkara kuma su bayyana wa jama'a dalilin safar da harshen da suke ji.

Muna tura ƴaƴan mutane su ɗauki masu rauninmu da gawawwakinmu a kan hanya, haƙƙinsu ne su koma wa iyalinsu da lafiyarsu. Talakan da suke tsayarwa shi ma haƙƙinsa ne ya wuce da mutuncinsa. Hukuma ta saya musu safar, ta yi musu rigakafin, ta kuma rubuta ƙa'idar sawa da cirewa ta zama doka ɗaya a kan mai kuɗi da marar shi.